Damina a Bakin Kududdufi

Asabar, 14 ga Yuni

Yau muka kammala zagayen farko. Mu bakwai ne: ni, da tsofaffin ɗalibaina huɗu da ke zaman jiran gurbin jami'a, da ƙanen maiɗakina mai babur, sai Baba, tsohon duba-gari da ya aje aiki tun ina ɗan firamare. Baba ne ya hana mu gaggawa. Ya ce gidan sauro na gaskiya ba wanda ake ɗaurawa a gado ba ne, inda ruwa ke kwana ne, kuma sai mun san shi lungu-lungu kafin mu taɓa komai. Mako biyu ke nan ba mu da aiki sai yawo da takarda da fensir, daga bayan masallacin unguwa har gangaren da ke sauka fadamar Gulbin Rima.

Abin da muka zana: kududdufi uku da aka haƙa wajen ɗibar ƙasar gini, doguwar kwata da ta ratsa unguwa, tankunan siminti biyu na gidan bulo, tulin tsofaffin tayoyi a wurin mai faci, da wani famfo mai yoyo da ya yi wa kansa ɗan tafki.

Makaminmu na kashe tsutsar sauro wata bakteriya ce da ke rayuwa a cikin ƙasa, sunanta Bacillus thuringiensis israelensis, ana taƙaita shi da Bti. Wani abokin karatuna mai aikin binciken sauro ya samo mana gwangwani biyu na rabin kilo-rabin kilo, gari ne mai tsaki-tsaki da ake damawa da ruwa. Na ajiye su a ɗakin ƙasa na tsohuwarmu, kusa da randa, don zafin Sakkwato ba ya raga wa irin wannan kaya a ɗakin kwano.

Lahadi, 22 ga Yuni

Gani ya kori ji. Jiya da la'asar muka ɗebo ruwan babban kududdufi da tsutsarsa, muka raba a kofunan roba shida, tsutsa ashirin a kowane. Uku muka ɗiga musu ruwan Bti, uku muka bar su yadda suke. Da safen nan kofunan da aka ɗiga wa sun yi tsit, tsutsar ta miƙe ta nutse ƙasa, ko an taɓa ta da tsinke ba ta motsi. Sauran ukun kuwa ana ta wutsil-wutsil.

Yaran sun tambayi yadda abin yake, na yi musu bayani irin na aji. Idan abinci ya ƙare wa bakteriyar, sai ta dunƙule ta zama iri, a gefen irin kuma ta ƙera wani ɗan ƙanƙanin dutse na furotin. Tsutsar sauro tace ruwa take yi ta ci duk ɗan abin da ya zo bakinta, sai ta haɗiye dutsen. Hanjinta kuma kanwa-kanwa ne, shi ke narkar da dutsen ya saki dafi, dafin ya manne a bangon hanjin ya huhhuda shi. Cikin mutum da na dabba tsami gare shi, kuma babu wurin da dafin zai kama, kamar ɗan makullin da aka kai ƙofar da ba tasa ba. Dafin ma ba ɗaya ba ne, manyansu huɗu ne suna taimakon juna, shi ya sa sauro ke shan wuyar sabawa da shi. A bakin kogin Rayin na Jamus tun 1981 ake fesa shi, har yau yana ci.

Abu ɗaya ya rikita mu. A ɗaya daga cikin kofunan da aka ɗiga wa, wasu guda biyu masu kama da waƙafi suna nan da ransu, suna ta tsalle. Waɗannan sun riga sun wuce matakin tsutsa, sun dunƙule suna shirin fitowa da fiffike, kuma a wannan mataki ba sa cin komai. Wanda bai ci ba, Bti bai san da shi ba. Haka ƙwai, haka sauron da ya riga ya tashi.

Baba bai damu da bayanina ba, kofin da ba a taɓa ba ya jawo gabansa. “Ɗana, dubi nan. Wagga da ta rataye kai ƙasa, ta kwata ta, kuka da cizo ɗai ta iya. Wagga da ta kwanta bisa ruwa kamar tsinke, ita ta mai masassara.” Na sha koyar da bambancin waɗannan nau'o'in sauro biyu, kiyuleks da anofilis, a allo, amma ban taɓa faɗarsa a taƙaice haka ba.

Juma'a, 27 ga Yuni

Bayan an sauko daga masallaci muka je zauren mai unguwa. Na ɗauka gaisuwa ce da neman izini, ashe shari'a ce. Wani matashi ya karɓi gwangwanin yana jujjuyawa, ya tsaya a kan dogon sunan, ya ɗaga murya ya ce ai ga sunan Isra'ila nan ɓaro-ɓaro a jiki. Zaure ya ɗauki guna-guni. Wanda ya ga abin da ya faru da allurar shan-inna a Arewa a 2003 ya san irin wannan magana ba a yi mata dariya.

Na faɗi abin da yake. A 1976 wasu masana biyu, Margalit da Goldberg, suka tarar da tsutsar sauro matacciya a wani ɗan tafki a hamadar Negeb, suka gano bakteriyar a jikinta, sai aka laƙaba mata sunan wurin, kamar yadda ake cewa jar akuyar Sakkwato ko a ina aka haife ta. Wanda ke hannunmu a Amurka aka sarrafa shi. Na ƙara da cewa tana da 'yar'uwa, Bacillus sphaericus, wadda irinta da aka fi amfani da shi a duniya, mai lamba 2362, a Arewacin Najeriya aka samo shi, a jikin baƙin ƙudan da ke kawo makantar kogi. Nan na ga fuskoki sun ɗan saki. Abin da ya fi shiga kunnen dattawa kuwa labarin Nijar ne, don kusan kowa a zauren yana da dangi a ƙetaren Illela. Daga 1974 zuwa 2002 an yi gagarumin aikin yaƙi da makantar kogi a ƙasashe 11 na Afirka ta Yamma, ana zuba magani a koguna don kashe tsutsar ƙudan, kuma da ƙudan ya fara jure wa maganin farko, Bti na cikin waɗanda aka koma wa. A Janairun 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana Nijar a matsayin ƙasar Afirka ta farko da ta rabu da cutar.

Mai unguwa ya saurara har na gama. “Malam, mun jiya. Amma shanu na shan ruwan ga, ɗiyanmu na wanka ciki. In wani abu ya hwaru, wa za a kama?”

“Ni za a kama, ranka shi daɗe.”

Na gaya masa Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a sa shi ko a ruwan sha in an bi ƙa'ida. Ya ce hukuma tana nesa, ni ne kusa. Muka rabu a kan cewa ranar feshin farko zan kawo dabbar gidana ta fara sha.

Asabar, 5 ga Yuli

An yi feshin farko. Lissafin ne ya fi cin lokaci. Muna bin giram 400 a kowace hekta, babban kududdufi kuma da muka auna da igiya ya ba mu mita 25 a tsawo, 20 a faɗi, wato murabba'in mita 500. Rabonsa giram 20 ke nan. Da na zuba shi a kan ɗan ma'aunin da muka aro wurin mai sayar da zinari, yaran suka yi dariya, wai wannan ko miyar gidan mutum biyar ba zai kaɗa ba. Muka juye shi a ƙaramin gwangwanin tumatir, muka ja layi da ƙusa daidai inda ya tsaya, don kada mu riƙa damun mai zinari kowane mako.

An dama a bokiti, an juye a famfon goyo, ƙanen maiɗakina ya bi gefen ruwa a hankali yana kaɗa hannu. Baba ya nace a fi ba baki-baki ƙarfi, inda ciyawa ta taɓa ruwa, don can tsutsa ke taruwa, tsakiya ta kifi ce da iska.

Sannan na jawo jar akuyar maiɗakina, wadda na hana ruwa tun asuba, ta sha ta ƙoshi a gaban mutane. Mai akuyar ba ta ji labari ba sai da azahar. Wannan shari'ar daban ce, ba ta cikin littafin nan.

Litinin, 7 ga Yuli

Mun nitsa ludayi sau goma a kewayen kududdufin, babu babbar tsutsa ko ɗaya. Talibambam na nan, ƙwaron ruwa na nan, mazari na shawagi. Akuya lafiya lau.

Asabar, 12 ga Yuli

Ranar kunya. Don mu gama da wuri, na aro famfo na biyu wurin wani manomin albasa, ya ce ya wanke shi. Ban tambayi abin da ya fesa da shi a baya ba, laifina ke nan. Muka yi ƙaramin kududdufin bayan makarantar allo da shi. Kafin magariba talibambam da ƙananan kifaye sun taso sun yi fari a saman ruwa, almajirai suna tsinta. Ragowar maganin ƙwarin gona ce ta maƙale a tiyo da bakin famfon.

Na hana yaran taɓa kifin, muka kwashe muka binne, muka kewaye wurin da ƙaya saboda dabbobi. Sannan na tafi zaure da ƙafata kafin labari ya riga ni, amma ya riga ni. Matashin nan na ranar Juma'a yana zaune, bai ce komai ba, kallonsa ya isa. Abin da ya cece mu shi ne babban kududdufi, wanda aka fesa da namu famfon a rana ɗaya da gari ɗaya, kuma ko talibambam ɗaya bai mutu ba. Mai unguwa ya aika aka duba, aka dawo aka tabbatar masa.

Abin takaicin, waɗanda muka kashe su ne ma'aikatanmu na kyauta. Ƙananan kifaye da 'ya'yan mazari tsutsar sauro suke ci dare da rana. Mun yi karo-karo mun sayi sabon famfo, mun rubuta masa “na sauro kaɗai” da jan fenti.

Asabar, 26 ga Yuli

Yanzu mun gane tafiyar abin. A fesa ranar Asabar, Lahadi ruwa ya yi tsit. Zuwa Talata ko Laraba ƙananan tsutsotsi kamar gashin ido sun bayyana, don rana tana kashe ƙarfin maganin, sauran kuma ya nutse cikin laka, alhali anofilis a saman ruwa take kiwo. Zuwa Asabar sun girma. A irin ɗumin nan, daga ƙwai zuwa sauro mai tashi bai fi kwana bakwai zuwa goma ba, saboda haka wanda ya tsallake mako ɗaya ya yaye ɗiyan sauro da hannunsa. Ba aikin yi-ka-huta ba ne, shara ce.

Inna mai ƙosai ta tare ni da safe. “Malam, ku da kun ka ce kuna kashe sauro, to jiya ban yi kwana ba. Sai da na yayyafa otapiyapiya har ɗiyana na tari.” Gaskiya ta faɗa. Gidanta a bakin kwata yake, mu kuma duk ƙarfinmu yana kan kududdufi. Sauron da ke hana ta barci kiyuleks ne, mai son ruwan ƙazanta, mai kuka a kunne. Anofilis ruwan sama mai haske take so, wanda rana ke duka, kuma tsakar dare take zuwa ba da hayaniya ba. Mutane da kukan suke auna aikinmu, mu kuma da ludayi muke aunawa, ma'aunan biyu ba sa haɗuwa.

Mun gwada Bti a kwatar, bai yi abin kirki ba. Dattin da ke ciki ya yi yawa, maganin na maƙalewa a jikinsa, tsutsa kuma ga abinci ko'ina. A irin wannan ruwa sphaericus ce ta fi daɗewa tana aiki, ko da yake ita an sha samun kiyuleks ya saba da ita inda aka dogara da ita kaɗai. Ba mu da ita. Baba ya ce a zamaninsu ba a ba kwata magani, shebur ake ba ta. Gobe da safe gayya: ledar ruwa, robobi da yashi duk za a fitar, ruwa ya samu hanya. Na roƙi masu gareji kuma su daina zuba baƙin mai a ciki da sunan taimako.

Asabar, 16 ga Agusta

An yi kwana uku ana ruwa. Taswirarmu ta watan Yuni ta zama takardar ƙunsa ƙosai. Kududdufi biyu sun haɗe sun zama ɗaya, maganin da muka fesa ya bi ambaliya ya tafi. Wannan bai dame ni ba kamar abin da Baba ya nuna mini a hanyar da shanu ke bi zuwa fadama. Ya durƙusa da kyar, ya sa cokali a sawun kofato ɗaya, ruwan bai fi rabin kofin shayi ba, ya ɗago da tsutsa biyar kwance a sama kamar tsinke. Na ɗaga kai na dubi hanyar. Sawun kofato ne iyakar ganina, kowane da ɗan madubinsa na ruwa yana ƙyalli. Bayansu ga sawun tayar mota, ga ramukan masu bulo, ga fadamar shinkafa shimfiɗe har wajen Kwalkwalawa.

Ba wanda ya yi magana. Ɗaya daga cikin yaran ya sauke famfon daga bayansa ya zauna a kan dutse.

Da dare na koma kan abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce game da wannan aiki, wanda na karanta tun farko na wuce shi da sauri don bai yi mini daɗi ba. Sharuɗɗa uku ta kafa: wuraren ruwan su zama kaɗan, su zama masu zama wuri ɗaya, kuma a iya gano su. Ta kuma ce ƙari ne a kan gidan sauro mai magani da feshin ɗaki, ba madadinsu ba. Agustan Sakkwato a bakin fadama bai cika ko ɗaya daga cikin ukun ba. A Darussalam ta Tanzaniya, inda aka fara irin wannan feshi a 2006, a lokacin ma'aikata ne na musamman da ake biya, kowa da yankinsa, suna zagayawa mako-mako ƙarƙashin hukumar birni. Tanzaniya har masana'antar sarrafa bakteriyar ta gina a Kibaha tare da ƙasar Kuba. Mu mutum bakwai ne da babur ɗaya.

Na so mu bi sawun kofaton da feshi, Baba ya ce in yi hankali da garin da ya rage. Shawararsa muka bi: ƙananan ramuka na cikin unguwa a cike su da ƙasa, manya a ci gaba da fesa su, fadama a bar wa Allah da gidan sauro.

Asabar, 30 ga Agusta

Gwangwanin farko ya ƙare. Yaro ɗaya ya samu gurbin karatu ya tafi, ɗaya kuma mahaifinsa ya janye shi zuwa gona. Abin mamaki, matashin nan na zaure ya zo da kansa ya ce a koya masa riƙe ludayi. Hannunsa ya fi na kowa natsuwa, ba ya jefa inuwarsa a kan ruwa, don ya lura tsutsa na nutsewa da zarar ta ga duhu.

Asabar, 13 ga Satumba

Ban fita feshi ba yau. 'Yata ta biyu ta kwana biyu da masassara, an gwada jininta a asibitin unguwa, layi biyu suka fito. Shekararta shida, ta wuce shekarun maganin rigakafin damina da ake bi gida-gida ana ba yara daga wata 3 zuwa wata 59. Ƙaninta yana samu, ita ba ta samu. An ba ta magani na kwana uku, yau ta sha kunu ta nemi a kunna mata rediyo.

Maƙwabta sun zo dubiya, kuma na san abin da wasu ke faɗa a hanyar komawa: ga mai maganin sauro, sauro ya ci gidansa. Ban ga laifinsu ba. Anofilis tana iya tafiyar kilomita ɗaya ko fiye neman jini, fadama kuma ba ta kai haka nisa da mu ba. Da na duba gidan sauron yarinyar na tarar da huda a gefen ƙafa, wadda yatsu uku za su shiga. Wata uku ina leƙen ruwan mutane, ban leƙa gadon 'yata ba.

Najeriya ce ke ɗauke da kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. A binciken ƙasa na 2021, maƙwabciyarmu Kebbi ce ta fi kowace jiha, kashi 49 cikin ɗari na ƙananan yaran da aka gwada, shi ya sa da ita da Bayelsa aka fara allurar rigakafin a Disamban 2024. Na daɗe da sanin waɗannan alƙaluma. Daren jiya da nake matsa tsumma mai sanyi a goshin yarinya, ba su ne a raina ba, hudar nan ce.

Asabar, 18 ga Oktoba

Ruwa ya ɗauke, iska ta fara juyawa. Mun sake zagaye da sabuwar takarda, abin da muka samu ya ba ni mamaki ko da yake bai kamata ba. Sawun kofato duk sun bushe sun tsattsage. Wuraren ruwan da suka rage a unguwa tara ne, na ƙirga su da yatsa: kududdufi biyu da suka ja baya, tankunan gidan bulo, tafkin famfo mai yoyo, wurin wankin mota, da wasu ramuka uku a gangare. Kaɗan ne, ba sa motsi, kuma mun san inda suke. Ludayi ya nuna anofilis ta taru a cikinsu fiye da yadda muka gani a Yuli, don ba ta da wani wurin zuwa.

Ashe mun fara aikin ne a lokacin da ya fi kowane wuya. Da kaka da rani ne giram ashirin ke da daraja, lokacin da sauron da zai haifi na baɗi ya matsu a wuri kaɗan. Baba ya ce ya so gaya mini tun Yuni, amma ya ga idona ya rufe, ya bar damina ta gaya mini.

Tankunan gidan bulo sun shiga sahun gaba saboda wani dalili kuma. A 2020 an gano wani baƙon sauro, Anopheles stephensi, a Jihar Gombe, ɗan asalin Asiya, wanda ke hayayyafa a tankuna da ma'ajiyar ruwa ta cikin gari ko da rani. Ga kuma zazzaɓin dengi da hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, ta tabbatar da ɓullarsa a Sakkwato a ƙarshen 2023, wanda sauronsa mai zanen fari a ƙafa a randa da tsofaffin tayoyi yake haihuwa. Mai gidan bulo ya yarda mu riƙa sa masa magani duk Asabar, da sharaɗin kada ya taɓa ƙarfin siminti. Mai faci ya ce zai huda tayoyin da ba ya so, sauran ya kife su ƙarƙashin rumfa.

Na auna abin da ya rage a gwangwani na biyu: giram 310. In wuraren nan tara ne kaɗai, kuma suna ƙara ƙanƙancewa, zai kai mu tsakiyar sanyi. Abin da bai shiga lissafin ba shi ne noman rani. Nan da 'yan makonni injinan ban ruwa za su fara kuka a fadama, fangalin albasa da na shinkafa su cika, kowane da kwararon da ke yoyo a gefensa. Matashin zaure kawunsa na da gona a can, ya ce zai yi masa magana mu shiga da ludayi ranar Laraba, mu ga ko ruwan fangali yana daɗewa har tsutsa ta girma ko ƙasa na shanye shi kafin nan. Na ce ya gaya wa kawun ba feshi za mu yi ba, kallo ne kawai, kuma ba ma neman aron famfo.